Darasi na 7: Karkarwar Zuciya da Karkarwar Tsoka

MANUFOFIN DARASI

Idan muka kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. bayyana yadda lafiyayyar zuciya take bugawa, da abin da ke ba ta umarni;
2. ƙirga bugun zuciya a wuyan hannu, ya gane mai tsari da marar tsari;
3. bambanta karkarwar ɗakunan sama da ta ɗakunan ƙasa na zuciya;
4. faɗin abin da ake yi a mintunan farko idan mutum ya yanke jiki ya faɗi;
5. bambanta rawar ido da karkarwar tsokar da jijiyarta ta lalace.

1. WA KE BA ZUCIYA UMARNI?

Zuciya tsoka ce mai ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Jinin da ya gama zagaya jiki yana shiga ɗakin sama na dama, ya gangara ɗakin ƙasa na dama, daga nan a tura shi huhu ya ɗauko iskar oksijin. Daga huhu sai ya dawo ɗakin sama na hagu, ya sauka ɗakin ƙasa na hagu. Wannan ɗakin ya fi sauran kauri, domin shi ke harba jini zuwa ƙwaƙwalwa da sauran jiki har tafin ƙafa. Tsakanin ɗakunan akwai ƙofofi masu buɗewa ta gefe guda, don kada jini ya koma baya.

Ba mai zama ya ce wa zuciyarsa ta buga. Umarnin daga cikinta yake fitowa. A bangon ɗakin sama na dama akwai wani ɗan ƙulli na ƙwayoyin halitta da ke fitar da lantarki kaɗan, sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan babba yana hutawa. Wasu masana biyu a Ingila, Arthur Keith da Martin Flack, su suka bayyana shi a 1907. Idan saƙon ya fito, ɗakunan sama su matse. Sai ya isa wata mahaɗa da ke tsakanin sama da ƙasa, wadda likitan Japan Sunao Tawara ya bayyana a 1906. Mahaɗar nan takan ɗan riƙe saƙon, riƙon da bai kai sakan guda ba, har ɗakunan ƙasa su cika, sannan ta sake shi su ma su matse.

Ku tuna da lugude. Mata biyu ko uku a kan turmi ɗaya, wannan ta ɗaga taɓarya, waccan ta sauke, kowa da lokacinta, nan da nan hatsi ya daku. Idan kowacce ta shiga sauke tata sanda ta ga dama, taɓare za su yi ta karo, a gaji, a yi gumi, hatsi kuwa yana nan yadda yake. Abin da ke samun zuciya ke nan idan ta shiga karkarwa: motsi ya yi yawa, aiki bai yiwu ba.

AKWATIN MA'ANA
Karkarwa: yanayin da ƙananan zaruruwan tsoka ke motsi kowanne shi kaɗai, da sauri, ba tare da tsari ba, har tsokar ta kasa matsewa gaba ɗaya. Likitoci na kiranta fibrileshan.
Ƙullin umarni: wurin da lantarkin zuciya ke farawa, a ɗakin sama na dama.

Misali na 1: ƙirga bugu
Wani tela ya zauna ya huta minti biyar. Ya ɗora yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, a wuyan hannunsa ta ɓangaren babban yatsa. Bai yi amfani da babban yatsan ba, don shi ma yana da nasa bugun. Ya dubi agogon wayarsa, ya ƙirga 36 a sakan 30. Sai ya ninka: 36 × 2 = 72 a minti. A awa ɗaya, 72 × 60 = 4,320. A kwana ɗaya, 4,320 × 24 = 103,680. Bugun nasa yana zuwa da tazara iri ɗaya, saboda haka ninkawa ta wadatar. Da ya ji tazarar tana sauyawa, wajibi ne ya ƙirga cikakken minti guda, don rabin minti zai iya ruɗinsa.

2. KARKARWAR ƊAKUNAN SAMA

Wannan ita ce rikicewar bugun zuciya mai ɗorewa da aka fi samu a duniya, kuma takan ƙaru da shekaru. A katin asibiti za ku ga an rubuta ta da haruffa biyu, AF.

A nan ƙullin umarni ya rasa iko. Saƙonni suna tasowa daga wurare barkatai, sau da yawa daga bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu, har su kai 300 zuwa 600 a minti. Ɗakunan sama ba su iya matsewa, sai dai su yi ta makyarkyata. Abin da ke ceton mutum shi ne mahaɗar nan ta tsakiya, wadda ba ta barin duka saƙonnin su wuce. Waɗanda suka samu wucewa kuwa ba su da tsari. Shi ya sa idan ka taɓa hannun mai wannan ciwo za ka ji bugu biyu a jere, sai shiru, sai uku da gudu, wani da ƙarfi, wani da kyar ake jinsa.

Wasu kan ce gabansu na faɗuwa ba dalili. Wasu kan yi haki daga ɗan hawa tudu, ko jiri, ko kasala. Ga wasu abin yakan zo ya tafi, ga wasu yakan zauna. Akwai kuma masu yawa da ba su jin komai, kuma waɗannan su ne abin tausayi, domin alamar farko da za su gani tana iya zama shanyewar ɓarin jiki.

Ga yadda hakan ke faruwa. Jinin da ba a turawa da kyau yakan kwanta, musamman a wani ɗan aljihu da ke jikin ɗakin sama na hagu. Jinin da ya kwanta yakan daskare ya zama gudaji. Ranar da gudan jini ya ɓalle, sai ya bi hanya ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa. Mai wannan karkarwa ya fi wanda ba shi da ita haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kusan ninki biyar.

Abubuwan da ke jawo ta sun haɗa da hawan jini da aka daɗe ba a kula da shi ba, tsufa, ciwon suga, ƙiba, shan giya, da yawan aikin halittar tairod da ke gaban wuya. Raunin zuciya ma na kawo ta, har da irin wanda ke kama mata bayan haihuwa, ciwon da likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970 saboda yawansa a arewacin Najeriya.

Akwai dalili ɗaya da ya cancanci mu dakata a kansa, domin a Turai ya yi ƙaranci, a ƙasashenmu kuwa yana nan. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, wanda wata ƙwayar bakteriya ta haddasa. Ba a ba shi fenisilin ba. Wataƙila ma wurin wanzami aka kai shi a cire belu. Bayan makonni kaɗan gaɓoɓinsa su kumbura, ciwon na tashi daga wannan gwiwa zuwa waccan. Garkuwar jikinsa, garin yaƙar ƙwayar cutar, ta taɓa ƙofofin zuciyarsa. Shekaru su wuce, ƙofar hagu ta ƙanƙance, ɗakin sama ya buɗe saboda jinin da ke taruwa, sai karkarwa ta shigo. Shi ya sa a asibitocinmu ake ganin matasa 'yan shekara ashirin da wani abu da ciwon da a wasu ƙasashe na tsofaffi ne. Maganin ciwon maƙogwaron nan kuwa ba shi da tsada.

AKWATIN MA'ANA
ECG: gwajin da ake liƙa wa mutum wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, na'ura ta zana lantarkin zuciyarsa a takarda. Ba ta sa wa mutum wuta, saurare kawai take yi. Willem Einthoven na ƙasar Holan ya samu kyautar Nobel a 1924 saboda ita.
Gudan jini: jinin da ya daskare a cikin zuciya ko jijiya.

Yatsa yakan sa a yi zargi, amma ECG ce ke tabbatarwa. Idan an tabbatar, likita yakan duba abu uku: rage gudun zuciya da magani irin su bisoprolol ko digoxin, mayar da ita kan tsari idan zai yiwu, da hana jini daskarewa. Na ukun nan shi ne mutane suka fi wasa da shi, domin ba a jin amfaninsa a jiki. Tsohon maganinsa shi ne warfarin, wanda ke buƙatar gwajin jini mai suna INR a kai a kai. Akwai sababbi irin su apixaban da rivaroxaban, amma ga wanda ƙofar zuciyarsa ta ƙanƙance, har yanzu warfarin ake bayarwa. Asfirin kaɗai ba ya maye gurbinsu.

Misali na 2: mai ƙosai
Wata dattijuwa mai tuyar ƙosai, shekararta 62, tana da hawan jini. 'Yarta, wadda ke zuwa ajin yamma, ta taɓa hannunta ta ƙirga minti guda, ta samu 118, kuma ba tsari.
"Inna, gobe sai mun je asibiti."
"Ke dai da tsoro. Zafin wuta ne da tunani. In na huta zai wuce."
"Ai yanzu ma a zaune kike, Inna."
A asibiti ECG ta nuna AF, aka ɗora ta kan warfarin. Ma'aikaciyar jinya ta yi mata gargaɗi uku. Kada ta daina magani don ta ji sauƙi. Kada ta haɗa da jiƙo ko maganin ciwon jiki na kanti ba tare da ta tambaya ba, don wasu na ƙara haɗarin zubar jini. Ganye kuma, irin alayyahu da kabeji, ba a hana ta ba, amma kada ta ci da yawa wannan mako ta bari mako mai zuwa, domin bitamin K da ke cikinsu yana rage ƙarfin maganin. Idan ta ga jini a fitsari, ko baƙin bayan gida, ko haɓo da ya ƙi tsayawa, ta dawo nan take. Haka nan idan baki ya karkace, hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe.

3. KARKARWAR ƊAKUNAN ƘASA

Da karkarwar ɗakunan sama mutum na iya rayuwa shekaru yana harkokinsa. Wannan kuwa minti ake ƙirga mata. Ɗakunan ƙasa su ke tura jini, saboda haka da sun shiga karkarwa jini ya tsaya cak. Cikin sakan kaɗan mutum ya faɗi, bai san inda kansa yake ba. Bayan minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Kowane minti da ya wuce ba a taimaka ba, damar rayuwa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari.

Babban sanadinta shi ne toshewar jijiyar da ke ciyar da tsokar zuciya. Jan wutar lantarki ma na jawo ta, kuma irin wutar gidajenmu, mai ƙarfin bolt 230, ta isa. Akwai kuma matasan da aka haifa da tsokar zuciya mai kauri fiye da kima ba su sani ba.

Masu kallon ƙwallo sun ga tsayawar zuciya da idonsu. Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agusta 1989, ana wasa da Angola, bai tashi ba. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a birnin Lyon na Faransa ranar 26 ga Yuni 2003, shi ma ya rasu. Bincike ya nuna tsokar zuciyarsa ta yi kauri. Christian Eriksen na Denmak ya faɗi a Kopenhagen ranar 12 ga Yuni 2021. Nan take aka shiga danna ƙirjinsa, aka girgiza zuciyarsa da na'ura a cikin filin. Ya rayu, aka dasa masa ƙaramar na'ura a ƙirji, ya koma wasa a 2022.

AKWATIN MA'ANA
Tsayawar zuciya: zuciya ta daina tura jini, mutum ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashin kirki.
Toshewar jijiyar zuciya: jini ya kasa isa wani ɓangare na tsokar zuciya. Mutum yakan ji nauyi a ƙirji da gumi, yana cikin hayyacinsa. Tana iya kaiwa ga tsayawar zuciya.
Difibrileta: na'urar da ke aika lantarki mai ƙarfi ta cikin ƙirji don katse karkarwa. Wadda kowa ke iya amfani da ita ana rubuta mata AED.

Fina-finai sun koya wa mutane cewa na'urar nan tayar da matacciyar zuciya take yi. Ba haka ba ne. Tsayar da duk zaruruwan take yi a lokaci guda, don ƙullin umarni ya samu ya karɓi ragama. Zuciyar da lantarkinta ya ɗauke gaba ɗaya ba ta amsa girgiza. A 1899 masana biyu a Janeba, Prevost da Battelli, suka gwada katse karkarwa da lantarki a kan karnuka. A 1947 likitan tiyata Claude Beck na Cleveland a Amurka ya ceci yaro ɗan shekara 14 da ita, ƙirjinsa a buɗe. A 1965 Frank Pantridge na Belfast ya haɗa wadda za a sa a motar asibiti. Nauyinta ya kai kilo 70, da batirin mota take aiki. Ta yau ana rataya ta a kafaɗa, tana magana tana gaya maka abin yi, kuma ba ta sakin wuta sai ta auna ta ga akwai buƙata.

A yawancin kasuwanninmu da tashoshinmu babu AED. Abin da ke akwai shi ne hannu. Danna ƙirji ba ya kawar da karkarwa, amma yana tura ɗan jini zuwa ƙwaƙwalwa har a kai ga na'ura. Abin da muka saba yi kuwa, a taru a kan mutum, a yayyafa ruwa, a yi fifita, a ɗura masa ruwa a baki, ba ya tura jini ko ɗigo, ɗurar ma tana iya shiga huhu. Salati da addu'a da baki ake yinsu. Hannu na iya aiki a lokaci guda.

Misali na 3: a tashar mota
Wani direba ɗan shekara 50 ya dafe ƙirji ya zube. Yaron motarsa ya bi matakai kamar haka:
(a) Ya jijjiga kafaɗarsa da ƙarfi: "Maigida! Maigida!" Shiru.
(b) Ya dubi ƙirji na sakan 10. Babu numfashi sai wani kakari jefi-jefi. Kakarin nan ba numfashi ba ne, kuma shi ya fi yaudarar mutane su tsaya jira.
(c) Ya nuna mutum ɗaya da yatsa: "Alhaji, don Allah kira 112. Kai kuma kawo mota kusa." Da ya ce "a kira", kowa zai zaci wani ya kira.
(d) Ya kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ba kan katifa ba. Ya ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗayan a kansa, gwiwar hannu a miƙe. Ya danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau biyu a sakan, yana barin ƙirji ya dawo bayan kowace dannawa.
(e) Bayan minti biyu wani ya karɓe shi, domin gajiya na rage zurfi. Ba su tsaya ba, har a cikin mota.
Haƙarƙari na iya karyewa, kada wannan ya sa a daina. Ƙashi na ɗoruwa. Idan wutar lantarki ce ta ja mutum, a fara kashe ta ko a ture wayar da busasshen itace kafin a taɓa shi. Idan mace ce ta faɗi, ana iya dannawa a kan tufafinta, kuma wannan dalili ne babba da ya sa ya kamata matan ajin nan su ƙware, tunda cikin gida sau da yawa su ne a kusa.

4. KARKARWAR TSOKAR JIKI

Tsokar hannu da ƙafa ba ta da nata ƙullin umarni, daga jijiyar motsi take karɓar saƙo. Idan jijiyar ta yanke ko ta mutu, zaruruwan da aka bari ba mai umarni sukan fara ɗan motsi da kansu, ɗaya ɗaya, yawanci bayan mako biyu zuwa uku. Motsin ya yi ƙanƙantar da ba a ganinsa ta fata. Sai an soka siririyar allura a tsokar, a gwajin da ake kira EMG, na'ura ta nuna shi. Ana samunsa bayan haɗarin da ya yanke jijiya, ko shan inna, ko allurar da wanda bai iya ba ya yi a ɗuwawu ta taɓa babbar jijiyar ƙafa. Ita kanta wannan karkarwar ba ta kisa. Shaida ce ga likita cewa jijiya ta samu matsala.

Rawar ido kuwa, wadda wasu ke cewa alamar ganin baƙo ce, da ɗan zillon da naman cinya ko dantse ke yi har a gan shi, wani abu ne dabam. Yawanci gajiya ce, ko rashin barci, ko damuwa, ko yawan goro da shayi, kuma yakan wuce da kansa. Ba shi da alaƙa da zuciya. Sai dai idan ya zo tare da raunin gaɓa, ko naman wurin yana ramewa, ko harshe na rawa magana na canzawa, to a ga likita.

TAMBAYOYIN BITA

1. Ɗakuna nawa ne a zuciya, kuma wanne ke tura jini zuwa ƙwaƙwalwa?
2. Mene ne aikin mahaɗar da ke tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa?
3. Wata mata ta ƙirga bugu 41 a sakan 30, mai tsari. Nawa ke nan a minti? Yana cikin iyakar lafiya?
4. Me ya sa ake ƙirga cikakken minti idan bugu ba shi da tsari?
5. Bayyana da kalmominka yadda karkarwar ɗakunan sama ke kaiwa ga shanyewar ɓarin jiki.
6. Ta yaya ciwon maƙogwaro na yaro zai zama ciwon zuciya bayan shekaru?
7. Kawo gargaɗi biyu ga mai shan warfarin.
8. Gaskiya ko ƙarya: (a) Mai kakari jefi-jefi yana numfashi, a jira shi. (b) Danna ƙirji kaɗai na kawar da karkarwa. (c) Rawar ido alamar ciwon zuciya ce.
9. Idan ana dannawa sau 110 a minti, sau nawa mutum zai danna kafin a karɓe shi bayan minti biyu?
10. Wane gwaji ke nuna karkarwar zuciya, wanne kuma ke nuna ta tsokar jiki?

AIKIN GIDA
Ku ƙirga bugun manya uku a gidanku, kowanne na minti guda. Ku rubuta shekarunsu, adadin bugun, da ko yana da tsari. A darasi na gaba kowa ya zo da tsohon buhu da aka cika da tsumma, za mu gwada danna ƙirji a kansa. Ba a gwadawa a kan mutum mai lafiya.